Tafawa Ɓalewa: Firaministan da ya fara da rubuta labarin uwa da ɗanta

Yawancin mutane sun san Abubakar Tafawa Ɓalewa ne a matsayin Firaministan Najeriya na farko. Amma tun kafin siyasa ta ɗauke shi, ya riga ya bar wa Hausawa littafin da har yau ake karantawa a makarantu, wato Shaihu Umar.

An haife shi a shekarar 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke ƙasar Bauchi, kuma gidansu ba na sarauta ba ne. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, sannan ya koma koyarwa a Midil ta Bauchi. A daidai lokacin ne Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Jiki Magayi. Littafin matashin malamin yana cikin waɗanda aka zaɓa aka buga.

Labarin na wani yaro ne ɗan Kagara da aka sace, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗa, ya ƙetara hamada da shi. Yaron ya yi karatu ya zama babban malami. Sai dai nauyin littafin yana kan mahaifiyarsa ne. Ta bar gida don neman ɗanta, ita ma aka mayar da ita baiwa, aka kai ta Murzuk da Tarabulus. Da ƙyar suka haɗu, kuma ba ta daɗe ba ta rasu.

Marubucin bai tsaya yin wa'azi kan bauta ba. Ya bar wahalar matar nan ta yi magana, ya kuma nuna cewa masu saye da sayar da ita Musulmi ne kamarta. Wannan ba ƙaramar jarumta ba ce a zamanin da tsofaffin bayi da iyayengijinsu ke raye. Mutanen kudancin Kano, waɗanda kakanninsu suka sha fama da hare-haren Ningawa, ba sa buƙatar a fassara musu wannan labari.

Halin bai bar shi ba. Bayan ya dawo daga karatu a Landan, a 1950 ya miƙe a majalisar Arewa da ke Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, abin da bai yi wa sarakuna da yawa daɗi ba.

Ya zama Firaminista a 1957, ya karɓi 'yancin kai a 1960. Sojoji sun kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, aka binne shi a Bauchi. A 1967 Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Turanci, a 1976 kuma Adamu Halilu ya mayar da shi fim.