Bayajidda: Jarumin rijiyar Kusugu

Masu zane kan nuna Bayajidda da makami a zare, macijiya a gabansa, a bakin rijiyar Kusugu ta Daura.

Tarihin baka ya ce ɗan sarkin Bagadaza ne, wanda ya ratso Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa.

Macijiyar ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Da ya kashe ta sai ya auri Sarauniya Daurama, suka haifi Bawo, daga nan sarautar Daura ta koma hannun maza.

Sai dai zane ba hujja ba ne. Wasu masana na danganta shi da Abu Yazid, madugun tawayen Afirka ta Arewa da ya mutu a 947, wasu kuwa na ganin almara ce.