Tarihin Gary Kildall, Mutumin Da Ya Yi Wa Kwamfutoci Karkiya

Yau muna so mu ba masu karatu labarin wani masani Ba'amurke wanda mutane da yawa ke cin moriyar aikinsa ba su ko san sunansa ba. Idan mai gyara a Ungogo ya ɗauki faifai guda ya ɗora manhaja a kan kwamfutoci iri dabam dabam, kowace kuwa ta tashi, to, wannan mutum yana cikin waɗanda su ka share hanyar.

An haifi Gary Kildall ran 19 ga watan Mayu, 1942, a birnin Siyatil. Gidansu gidan koyar da tuƙin jirgin ruwa ne, amma shi lissafi ya fi jan hankalinsa. Ya yi karatu a Jami'ar Washintan har ya sami digirin dakta cikin 1972, sa'an nan ya koyar a makarantar mayaƙan ruwa da ke Montere, ƙasar Kalifoniya. Yana koyarwa yana yi wa kamfanin Intel aiki, har cikin 1974 ya shirya CP/M, watau uwar manhaja mai tafiyar da ƙaramar kwamfuta.

Wahalar wancan zamani ita ce kowane kamfani da irin ƙirarsa. Faifan wannan ba irin na wancan ba ne, haka madannai, haka injin buga takarda. Saboda haka duk sa'ad da a ka zo da sabuwar ƙira sai an sake gyaran manhaja. Da abin ya ishe shi, sai ya raba ta. Babban kashi ya bar shi yadda ya ke, ƙaramin kashi kuwa mai magana da ƙarafan injin ya ware shi dabam, ya sa masa suna BIOS. Manomi ya san wannan dabara: ba a sake ƙera garma don an sake shanu, karkiya kawai a ke daidaitawa. Da haka CP/M ta hau injuna na kamfanoni masu yawa, kamfanin Digital Research da ya kafa tare da matarsa Dorothy ya bunƙasa ƙwarai.

Amma duniya rawar 'yan mata ce. Cikin 1980 kamfanin IBM ya nemi manhajarsa, ba su daidaita ba, sai cinikin ya koma hannun Microsoft. Da kwamfutar IBM ta fito cikin 1981 a ka sa wa DOS dala 40, tasa kuwa da ta biyo baya dala 240. Masu saye su ka bi araha, kasuwa ta kuɓuce masa. Cikin 1991 a ka sayar da kamfaninsa ga Novell. Ya rasu ran 11 ga watan Yuli, 1994, a Montere, yana da shekara 52.

Lalle dukiya mafi tsoka ta tafi wurin waɗansu, amma dabarar ta zauna. Ko da ya ke yanzu wani tsari mai suna UEFI ya maye gurbin BIOS a sababbin injuna, ka'idar tana nan: a raba abin da ke sakewa da abin da ba ya sakewa. Muna kira ga 'yan makarantarmu masu koyon wannan sana'a su riƙe sunansa, gama kowa ya sha inuwa ya kamata ya san wanda ya dasa itacen.