Baba ta Karo (1877–1951) da Salsalar Masu Niƙa

A ƙasashen Turai mai neman asalinsa yakan dace da sunan zuriya irin Miller ko Müller, wanda ke nuna cewa kakanninsa masu niƙan hatsi ne, har ya bi sawunsu a takardun coci da na haraji. A ƙasar Hausa maƙera da majema da marina suna da unguwanni da sarautun sana'a, amma niƙa bai samu wannan gata ba, domin kafin zuwan inji aikin mata ne a cikin gida, a kan dutsen niƙa, nasaba kuwa ta wajen uba ake lissafa ta. Tarihin sarauta ma haka ya bi da mata: Tarihin Kano ya ambaci auren Sarki Abdullahi Burja (1438–1452) da 'yar Sarkin Dutse, bai faɗi sunanta ba. Saboda haka rayuwar Baba ta Karo take da muhimmanci ga mai bin salsalar talakawan karkara, a Dutse ne ko a Zazzau.

An haifi Baba wajen shekarar 1877, bisa ƙiyasin da aka fi bi, a Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa a kan iyakar Kano da Zazzau. Sunan mahaifinta Tsoho, mahaifiyarta Fatsuma. Danginta manoma ne kuma malamai, suna danganta kansu da Barno, kuma kakanta Ibrahim Dara ya mallaki bayi masu noma a rinji. Wannan ɓangare na labarinta ya yi kama da kowace salsala: maza, ƙaura, gona, gado.

Abin da ya bambanta shi shi ne cewa Baba ta ba da labarin daga tsakar gida. Bayin da ke aikin gandu daga hantsi zuwa azahar, daga gidan ubangijinsu abincin ranarsu yake fitowa. Kafin gero ko dawa su zama fura ko tuwo sai an yi sussuka da surfe da daka ko niƙa, kuma hannun mata ne ke yin su kullum, 'ya'ya da bayi. Yarinya tana koyon aikin a wajen uwa ko goggo ko kishiyar uwa, ta tafi da shi gidan miji, ta koyar da wata. Layin gado ne sosai, sai dai ba ya zama a gida ɗaya, aure ne ke yawo da shi daga gari zuwa gari. A ganina wannan ne dalilin da ya sa yake ɓace wa mai bincike, ba ƙarancin masu riƙe da labarin ba.

Baba ta girma a zamanin hare-haren kamun bayi, har an taɓa kama mata daga danginta aka fanso su da kuɗin wuri. Ta ga zuwan Turawa, waɗanda suka kama Zariya a 1902 da Kano a 1903, ta kuma ga yadda bayin rinji suka yi ta watsewa bayan haka. Ta yi aure sau huɗu: da ɗan'uwanta Duma, da Malam Maigari, da Malam Hasan, sannan da Ibrahim. Ba ta taɓa haihuwa ba, riƙon 'ya'yan wasu ta yi. Bisa tsarin nasaba ta uba, mace irin wannan ba ta da gurbi a salsalar kowa. Da an bar wa al'ada, da sunanta bai wuce jikokin waɗanda ta riƙa ba.

A Giwa ta haɗu da Mary Smith, matar masanin halayyar al'umma M. G. Smith, mutumin Jamaika, wanda ke bincike a ƙasar Zazzau. Tsakanin Nuwamba 1949 da Janairu 1950, cikin kimanin mako shida, Baba tana faɗa Mary tana rubutawa da Hausa, daga baya ta fassara zuwa Ingilishi. Littafin Baba of Karo ya fito a Landan a 1954 daga kamfanin Faber and Faber, da gabatarwar M. G. Smith, aka sake buga shi a Jami'ar Yale a 1981. Baba ba ta gan shi ba, ta rasu a 1951.

Manazarta sun fi komawa ga littafin don bayanin aure da saki da ƙawance da bori. Ba a cika lura da yawan sunayen mata da ke cikinsa ba, iyaye da goggonni da kishiyoyi da bayi, kowace da gidan da ta fito da gidan da aure ya kai ta. Dole dai a karanta shi da hattara, domin 'yar masu bayi ce ke magana, kuma matan rinji sun shigo labarin ne gwargwadon kusancinsu da gidan Tsoho.