Fritz Zwicky, Masanin Da Ya Auna Abin Da Ido Ba Ya Gani

Wanda ya hau duwatsun Dutse da dare, ya ga taurari sun cika sama fal, sai ya zaci ya ga kome. Marigayi Fritz Zwicky yana cikin waɗanda suka fara nunawa da lissafi cewa abin da ke haskawa ɗan kaɗan ne daga abin da ke can.

An haife shi ran 14 ga Fabrairu, 1898, a Varna ta ƙasar Bulgeriya, inda mahaifinsa, mutumin Suwizalan, yake kasuwanci. Ya yi karatu a Zurich, sa'an nan cikin 1925 ya ƙaura Amurka, ya kama aiki a jami'ar Caltech.

Taurari dai garke-garke suke, kowane garke da dubban miliyoyi, garkunan kuma sukan haɗu su zama gungu. Cikin 1933 Zwicky ya duba gungun da ake kira Coma, mai garke fiye da 1,000, ya lissafa gudun kaɗan daga cikinsu. Abin da ke riƙe gungu shi ne nauyinsa, kamar yadda igiya ke riƙe dutsen majajjawa, in gudu ya fi ƙarfinta sai dutse ya tsere. To, garkunan Coma suna gudun da ya isa su watse tuntuni, amma ga su nan a haɗe. Sai ya yanke cewa lalle akwai wani nauyi ɓoyayye, wajen ninki 400 na wanda ake gani, ya sa masa suna da Jamusanci, watau abu mai duhu.

Adadin ya yi yawa, domin awon nisa na zamanin yana da kuskure, amma tushen maganar daidai ne. Duk da haka aka yi biris da ita kusan shekara 40. Shi ma bai sauƙaƙa wa kansa ba, gama mutum ne mai kaifin harshe, ba ya raga wa abokan aiki.

Ya rasu ran 8 ga Fabrairu, 1974, aka binne shi a Mollis ta Suwizalan. Cikin shekarun 1970 binciken Vera Rubin da Kent Ford ya ƙarfafa zancensa. Yau masana sun ƙiyasta ɓoyayyen abin nan ya ninka wanda muka sani wajen sau 5, har yanzu kuwa ba a gano ko mene ne shi ba.