Sir Peter Medawar, Wanda Ya Gano Dalilin Da Jiki Ke Ƙin Baƙon Nama

Manoman Rimin Gado sun san yadda ake yi wa mangwaro aure, reshen wani itace ya kama jikin wani ya yi 'ya'ya. Jikin ɗan Adam kuwa ba ya karɓar baƙon nama da sauƙi haka. Wanda za mu ba da labarinsa yau shi ne ya bayyana dalili.

An haifi Peter Medawar a ƙasar Barazil cikin 1915, ubansa mutumin Lebanon, uwarsa Baturiyar Ingila. Ya yi karatun halittar dabbobi a Jami'ar Oxford. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, masu ƙunar wuta suka yi yawa, aka tura shi asibitin Glasgow ya yi aiki tare da likita Thomas Gibson. Can suka sami wata mace da ta ƙone, aka dasa mata fatar ɗan'uwanta. Lokaci lokaci sukan gutsuri ɗan kaɗan daga dashen su duba a madubin likita. Fatar ta kama, daga baya ta lalace. Da aka sāke dasa wata daga jikin ɗan'uwan nan, sai ta lalace da sauri fiye da ta fari, watau jiki ya riga ya shaida baƙon, kamar yadda yakan shaida cuta. Suka buga wannan cikin 1943.

A ganinmu, dabarar gutsurar nan ita ce babban gādon da ya bari. Dubi dashen hanta, wanda Thomas Starzl ya fara a Amurka cikin 1963. In hantar da aka dasa ta soma rauni, gwajin jini kaɗai ba ya rarrabe ko jiki ne ke ƙinta, ko ciwon hanta ne, ko hanyar matsarmama ce ta toshe, alhali kuwa maganinsu dabam dabam ne. Sai likita ya soka allura tsakanin haƙarƙarin dama, ya zaro tsoka siririya kamar zare. In an ga fararen ƙwayoyin jini sun taru suna cin hanyoyin matsarmama da bangon jijiyoyi, ƙi ne, sai a ƙara maganin da ke danne garkuwar jiki.

Cikin 1953, shi da Billingham da Brent suka nuna cewa ɓeran da aka sa wa ƙwayoyin wani tun yana ciki yakan karɓi fatarsa bayan ya girma. Saboda wannan aka ba shi kyautar Nobel cikin 1960, tare da Macfarlane Burnet. Shanyewar jiki ta same shi cikin 1969, amma bai bar rubutu ba. Ya rasu a London ran 2 ga Oktoba, 1987.