Henri Cartier-Bresson: Bafaranshen da ya zaga duniya da ƙaramar kyamara da gilashi mai milimita 50

An haifi Henri Cartier-Bresson ranar 22 ga Agusta, 1908, a Chanteloup, kusa da birnin Paris na ƙasar Faransa, a gidan attajirai masu masana'antar zaren ɗinki. An so ya gaji sana'ar gidansu, amma zuciyarsa na wajen zane. Ya yi karatu a hannun mai zane André Lhote, wanda ya hore shi a kan daidaita layi da siffa a cikin hoto, horon da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Yana da shekara ashirin da 'yan kai ya tafi Kwaddibuwa, inda ya zauna kusan shekara guda yana farauta yana sayar wa mutanen ƙauye nama. A can zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, irin wanda ke mayar da fitsari baƙi, ya kama shi har aka fid da rai. Da ya koma gida jinya, sai ya ci karo da wani hoto da Martin Munkácsi ya ɗauka na yara uku suna rugawa cikin tafkin Tanganyika. Hoton nan ne ya karkatar da shi. A 1932 ya sayi kyamarar Leica a Marseille, da gilashi mai milimita 50.

A zamanin da yawancin masu hoto ke fama da manyan akwatuna masu ƙafa uku, Leica na shiga aljihun kwat, kuma fim ɗinta na cin hoto 36 kafin a sauya. A shekarar nan ta 1932 kamfanin ya fito da samfurin da ke da ma'aunin nisa a jikinsa: mai hoto ya leƙa ta ƙaramar taga, ya ga abu ya rabu biyu, ya murza gilashi har siffofin biyu su haɗe, to hoto ya fito tangaran. Babu madubi mai tashi a cikinta, saboda haka ƙararta kaɗan ce. Shi kuma ya ƙara da nannaɗe wuraren da ke ƙyalli da baƙin salatif don kada a lura da shi, kuma ya guji fitilar walƙiya, domin a ganinsa rashin ladabi ne a haske fuskar mutum ba zato.

Batun gilashin shi ne abin da masu koyo suka fi yi wa gurguwar fahimta. Da yawa suna zaton sirrin yana cikin kaya masu tsada. Gilashi mai milimita 50 kuwa yana cikin mafi sauƙin ƙira, shi ya sa har yau yake cikin mafi araha a kusan kowane kamfani. Ba ya janyo na nesa kusa, ba ya lanƙwasa gefen hoto kamar mai faɗin gani. Girman abubuwa na fitowa kusan yadda ido ya san su. Wahalarsa ita ce dole mai hoto ya taka da ƙafarsa ya je inda abin yake. Cartier-Bresson ya taɓa wasu gilasan jefi-jefi, amma mafi yawan aikinsa da wannan ya yi shi, har ya zamana ya san abin da zai shiga hoto tun kafin ya ɗaga kyamara. Hotonsa na mutumin da ke tsallake kududdufi a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare, ta ratar shinge ya ɗauke shi, dunduniyar mutumin na dab da taɓa ruwa.

A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun kama shi a 1940. Ya yi wata 35 a tsare, ya tsere a yunƙuri na uku a 1943, ya je ya tono kyamarar da ya binne a wata gona a yankin Vosges. Gidan adana zane-zanen zamani na New York ya ma fara shirya baje kolin tunawa da shi bisa zaton ya mutu. Da aka buɗe shi a 1947, da mai hotunan aka yi. A shekarar ce shi da Robert Capa da David Seymour da George Rodger suka kafa Magnum, ƙungiyar da ta tsaya a kan cewa mai hoto ne ke da haƙƙin mallakar hotonsa, ba mujallar da ta aike shi ba.

Ya gana da Mahatma Gandhi jim kaɗan kafin a harbe shi ranar 30 ga Janairu, 1948, kuma hotunansa na jana'izar sun zaga duniya. Daga nan ya wuce Sin, ya ɗauki turmutsutsun masu neman zinariya a Shanghai gab da faɗuwar gwamnatin Kuomintang. Littafinsa na 1952, wanda Henri Matisse ya zana wa bango, ya zama abin nazarin masu hoton titi.

A farkon shekarun 1970 ya fara janye jiki daga ɗaukar hoto, ya koma ga fensir da takarda. Ya rasu ranar 3 ga Agusta, 2004, a kudancin Faransa, yana da shekara 95, shekara guda bayan buɗe gidauniyar da ke ajiye hotunansa a Paris.