Rudolph Matas

Rudolph Matas (an haife shi a ranar 12 ga watan Satumba, 1860, ya rasu a ranar 23 ga watan Satumba, 1957) likitan tiyata ne kuma mai bincike ɗan ƙasar Amurka, wanda ya yi kusan dukkan aikinsa a birnin New Orleans na jihar Louisiana. An fi saninsa da aikin da ya yi a kan kumburin jijiyar jini, cutar da likitoci ke kira aneurizim. Kafin zamaninsa, yawancin likitoci sun dogara ne ga sa jini ya daskare a cikin kumburin don ya toshe. Matas ya ɓullo da hanyar buɗe kumburin, a kwashe gudajin jinin da ke ciki, a ɗinke shi ta ciki. Tiyatar da ya yi a shekarar 1923 ita ake ɗauka a matsayin karon farko da aka ɗaure babbar jijiyar jini ta ciki cikin nasara. Shahararren likita William Osler ya ɗauke shi a matsayin uban tiyatar jijiyoyin jini.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Matas a Bonnet Carré, kusa da New Orleans. Iyayensa 'yan asalin yankin Kataloniya ne na ƙasar Sifaniya, mahaifinsa kuma ya yi aikin haɗa magunguna da na likita. Yana ƙaramin yaro iyalin suka zauna a Faris da Basalona, daga baya suka koma Amurka, sannan suka zauna a Brownsville ta jihar Texas da garin Matamoros na Meziko. Wannan yawo ya sa ya tashi yana jin Sifaniyanci da Faransanci da Turanci.

A shekarar 1877 ya shiga sashen koyon aikin likita na Jami'ar Louisiana, wadda daga baya ta zama Jami'ar Tulane, ya kammala a 1880 yana ɗan shekara 19. Tun yana ɗalibi, a 1879, aka sa shi cikin ayarin masana da Amurka ta tura birnin Havana na ƙasar Kyuba don binciken zazzaɓin shawara, inda ya yi aikin tafinta da na akawu. A can ya san likita Carlos Finlay, wanda a 1881 ya bayyana cewa sauro ne ke yaɗa cutar. Matas yana cikin likitocin farko da suka goyi bayan wannan ra'ayi, a lokacin da yawancin masana ba su yarda da shi ba.

Cutar da yadda ake maganinta a da

Babbar jijiyar jini, wadda ake kira awota, tana fitowa daga zuciya ta bi ta ƙirji ta sauka cikin ciki, inda take rabuwa biyu ta kai jini ƙafafuwa. A cikin ciki, faɗinta a jikin baligi ya kai kimanin santimita 2. Idan bangonta ya yi rauni sai ta buɗe ta kumbura, kuma idan faɗin ya kai santimita 3 ana ɗaukar sa a matsayin aneurizim. Yawanci kumburin na faruwa ne a ƙasa da jijiyoyin ƙoda. Sau da yawa mutum ba ya jin komai har sai ranar da ya fashe, jini ya zuba a ciki, wanda hakan kan yi ajali cikin ɗan lokaci. A yau tsufa da shan taba su ne manyan abubuwan da ke jawo shi, kuma ya fi kama maza. A zamanin Matas cutar tunjere ma tana cikin manyan sanadin kumburin manyan jijiyoyi.

A cikin kumburin, jini ba ya gudana daidai, don haka yakan daskare ya manne a bango hawa-hawa. Likitocin da sun lura da haka, sai suka yi tunanin cewa idan gudajin jini suka cika kumburin gaba ɗaya, zai warke. A 1785 John Hunter na Landan ya ɗaure jijiyar cinya can sama da wani kumburi da ke bayan gwiwa, don gudun jini ya ragu ya daskare. A 1817 Astley Cooper ya ɗaure babbar jijiyar ciki kanta, amma majiyyacin ya rasu bayan kamar awa 40. A 1864 Charles Moore ya cusa siririyar waya mai tsawo a cikin wani kumburi na ƙirji don jini ya daskare a jikinta, wasu kuma daga baya suka riƙa sa wa wayar lantarki.

Waɗannan hanyoyi suna da matsala. Ƙananan jijiyoyi na gefe kan ci gaba da zuba jini cikin kumburin ko da an ɗaure babbar, sai ya dawo yana bugawa. Gudan jini kuma na iya ɓallewa ya toshe jijiya a gaba. Idan kuwa ɗaurin ya tsayar da jini gaba ɗaya, gaɓar takan ruɓe har a yanke ta.

Tiyatar 1888

A shekarar 1888 aka kawo wani saurayi ma'aikacin gona asibitin Charity na New Orleans. Harbin bindiga ya same shi a dantse, jijiyar wurin ta kumbura. Matas ya fara da abin da aka saba. Ya danne jijiyar, sannan ya ɗaure ta a sama da kumburin, ya kuma ɗaure ta a ƙasa, amma bugun ya dawo. Abin da ya rage bisa al'adar lokacin shi ne a yanke hannun.

A ranar 6 ga watan Mayu ya tsayar da jinin hannun na ɗan lokaci, ya tsaga kumburin, ya kwashe gudajin jinin da suka taru. Da cikin ya fito fili sai ya ga bakunan jijiyoyin da ke ciyar da kumburin, ya ɗinke su ɗaya bayan ɗaya da zaren siliki. Saurayin ya warke da hannunsa. Likitan Girka Antyllus, wanda ya rayu a wajen ƙarni na 2, ya riga ya bayyana buɗe kumburi bayan an ɗaure shi ta ɓangarori biyu. Sabon abin da Matas ya kawo shi ne ɗinki ta ciki, wanda ke rufe kafofin jini ba tare da an lalata jijiyoyin gefe da ke kewaye da wurin ba, su ne kuwa gaɓar ke rayuwa da su.

Matas bai yi gaggawar maimaita tiyatar ba. Sai a 1903 ya wallafa cikakken bayaninta a mujallar Annals of Surgery. Ya kasa hanyar gida uku: rufe jijiyar gaba ɗaya ta ciki, ko ɗinke ƙofar kumburin kawai a bar jini na wucewa, ko sake gina hanyar jinin da bangon kumburin. Ya kuma tsara gwajin da ake yi kafin tiyata don a gane ko jijiyoyin gefe za su iya ciyar da gaɓa idan an rufe babbar, gwajin da ake kira da sunansa. Tare da abokin aikinsa Carroll Allen, ya yi gwaje-gwaje da wani siririn zoben sanholo da ake matse jijiya da shi, wanda ake iya cirewa idan gaɓar ta nuna alamar rashin jini.

Ɗaure babbar jijiyar ciki

Fiye da shekara ɗari bayan yunƙurin Cooper, likitoci da dama sun gwada ɗaure babbar jijiyar ciki, kuma galibin majiyyatan sun rasu cikin sa'o'i ko kwanaki. A watan Afrilun 1923 Matas ya yi wa wata mata 'yar shekara 28 tiyata. Tunjere ta jawo mata kumburi a daidai inda jijiyar ke rabuwa biyu. A irin wannan wuri ba shi da halin buɗewa ya ɗinke, domin babu ƙarin jini isasshe kuma babu abin da za a maye jijiyar da shi. Saboda haka ya ɗaure ta a sama da kumburin da ƙyallen auduga mai faɗi, maimakon siririn zare da kan yanke bango. Ƙafafun matar ba su ruɓe ba, ta kuma rayu wata 17 kafin tarin fuka ya yi ajalinta. Wannan ya tabbatar wa likitoci cewa jiki na iya jure rufe babbar jijiyar a ƙasa da ƙoda idan jijiyoyin gefe sun buɗe.

Sauran ayyuka

Matas ya zama farfesan tiyata a Tulane a tsakiyar shekarun 1890, ya riƙe kujerar har 1927. Tun a 1888 ya yi wa majiyyacin tiyata ƙarin ruwan gishiri ta jijiya, daga baya kuma ya yaɗa hanyar ƙarin ruwa ɗigo-ɗigo. A 1899 yana cikin likitocin farko a Amurka da suka yi tiyata da allurar kashe zafi ta ƙashin baya. Ya kuma yi aiki a kan hura wa majiyyaci iska a huhu yayin tiyatar ƙirji. Ya shugabanci ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka, da kwalejin likitocin tiyata ta ƙasar, da kuma ƙungiyar likitocin tiyata ta duniya.

Iyali da rasuwa

Ya auri Adrienne Landry a 1895, ta rasu a 1918. A 1908 ƙwayar cuta ta shiga idonsa a wurin aiki, har ta kai ga an cire idon, amma ya ci gaba da tiyata da ido ɗaya na tsawon shekaru. A ƙarshen rayuwarsa ɗayan idon ma ya daina gani. Ya rasu a New Orleans yana da shekara 97.

Tasirinsa

Matas yana raye aka shiga sabon zamani na wannan tiyata. A 1951 Charles Dubost ya cire kumburin babbar jijiyar ciki a Faris, ya dasa jijiyar wani mamaci a gurbinsa, daga baya kuma aka koma amfani da bututun ƙyalle na roba. Sai dai cire kumburin ɗungurungum na jawo zubar jini da rauni ga gaɓoɓin da ke manne da shi. A 1966 Oscar Creech na Jami'ar Tulane ya haɗa dashen da hanyar Matas: a buɗe kumburin, a kwashe gudajin jini, a ɗinke bakunan ƙananan jijiyoyi ta ciki, a sa bututun, sannan a lulluɓe shi da tsohon bangon. Haka ake yin buɗaɗɗiyar tiyatar wannan cuta har yau. Ɗakin karatu na fannin lafiya a Jami'ar Tulane yana ɗauke da sunan Matas.